Bin Sawun Mawaƙan Sikotilan da Ba a Faye Ambata Ba

2 ga Maris, 2024

Yau na sayi littafin rubutu mai baƙin bango da taswirar Sikotilan, na manna taswirar a jikin firij. Shekarata shida ke nan a Gilasgo ina aikin jinya, amma da za ka tare ni a hanya ka ce in kira maka mawaƙin ƙasar nan, daga Robert Burns sai in yi shiru. Shi ne a gwangwanin biskit, shi ne a tsakiyar dandali, duk 25 ga Janairu kuma a yi walima da sunansa.

'Yata ce ta tayar da ni. A watan Janairu aka ba su haddar wata 'yar waƙa a makaranta, cikin Sikotanci, wato harshen nan na mutanen kudu da gabashin ƙasar mai kama da Ingilishi amma ba shi ba. A ƙasan takardar an rubuta William Soutar. Ta ce, "Baba, wane ne wannan?" Na ce ta bari in gama shan shayi. Har yau shayin bai ƙare ba.

Ga abin da na ɗaura wa kaina: mawaƙa goma sha biyu, kowanne shafi ɗaya da Hausa, hoto ɗaya, wuri ɗaya. Ban da Burns, ban da Walter Scott, su sun ƙoshi. Kuma ba zan rubuta komai a kan wurin da ƙafata ba ta taka ba. Da na gaya wa yayana ta waya sai ya ce, "Kai yanzu duk ziyarar da ake bin ka a gida, kaburburan Turawa za ka koma bi?" Na ce, "Yaya, ba ziyara ba ce, bincike ne." Ya ce to Allah ya ba ɗan bincike sa'a.

9 ga Maris

Edinbura, wajen Robert Fergusson. Na gangara dogon titin da ya taso daga ganuwar kan dutse ya nufi fadar Holyrood, har ƙofar cocin Canongate. Tun kafin in shiga maƙabarta na yi kiciɓis da mutumin nawa. Mutum-mutumi ne na tagulla, ba a ɗora shi kan dakali ba, a kan daɓen titi yake, tsawonsa bai fi nawa ba. Ya ɗaga ƙafa kamar wanda ya makara zuwa ofis, littafi a hannu. David Annand ya ƙera shi, aka kafa a 2004. Na yi kusan minti ashirin ina kallon 'yan yawon buɗe ido suna rungumarsa ana ɗaukarsu hoto, wani ma har da ɗora masa hula. Sunansa kuwa yana rubuce a ƙasa, ana ta bi ta kai.

An haife shi a 1750. Ya yi karatu a St Andrews, mahaifinsa ya rasu, ya dawo gida ba takardar kammalawa, ya zama akawu mai kwafar takardun shari'a. Da rana kwafa, da dare waƙa. Abin da ya waƙe shi ne garinsa yadda yake: hayaƙi, mashaya, masu talla, ƙazantar da ake watsowa ta taga, da dogaran gari da ya tsana ya dinga yi wa shaguɓe. Shekara biyu zuwa uku kacal ya yi yana wannan. Daga nan ciwon damuwa ya kama shi, ya faɗo daga matakala ya bugu a kai, aka kai shi gidan mahaukata, ya rasu a can cikin Oktoban 1774 yana da shekara 24. An binne shi ba ko alama.

A 1787 Burns yana garin, ya nemi kabarin wanda ya ɗauka a matsayin yayansa a waƙa, ya tarar da fili, sai ya nemi izini ya sa a kafa dutse. Mai aikin ya yi shekara biyu kafin ya kafa, shi ma Burns ya yi shekara biyu kafin ya biya, ya ce an yi ɗaya-ɗaya. Dutsen yana nan ta yammacin coci. Na ce ba Burns a aikin nan, ga shi ranar farko da shi na fara cin karo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, ni da nake wannan sana'a: likitan da ya duba Fergusson a ƙarshe, Andrew Duncan, halin da ya gan shi ciki ne ya sa ya kwashe shekaru yana fafutukar a gina wa masu taɓin hankali asibiti na mutunci. An buɗe shi a 1813.

A tsallaken titi, cikin wani lungu, akwai ɗakin karatu na waƙa zalla, wanda Tessa Ransford ta kafa a 1984. Na yi rajista, na aro littattafai huɗu.

20 ga Afrilu

Azumi da aikin dare sun cinye wata guda, ba inda na je. Shafin Fergusson kawai na rubuta, sau uku, kuma duk a kalma ɗaya nake tuntuɓe. In na ce mawaƙi, mai karatu zai hango mutum da kalangu da 'yan amshi. In na ce sha'iri, ya yi kama da zancen zaure. Na zauna a kan "marubucin waƙa". Ya yi tsawo, amma ba ƙarya a ciki.

17 ga Mayu

Paisley, minti goma da ɗoriya a jirgin ƙasa. Da gangan na zaɓi ranar, don a irinta ne a 1810 aka tsamo gawar Robert Tannahill daga wata magudanar ruwa a gefen gari.

Masaƙi ne ɗan masaƙi, yana shekara 12 ya fara koyon aiki wajen mahaifinsa. Gidansu na nan a titin Queen, ɗan ƙaramin gida mai ƙasa-ƙasa, yanzu dogayen gine-gine sun kewaye shi. Ana cewa ya maƙala kwalbar tawada da ɗan katako a jikin masaƙarsa, in baiti ya zo masa ya rubuta ba tare da ya tashi ba. Wanda ya taɓa zama kusa da masaƙi ya san yadda ƙafa da ƙoshiya ke ba da kari ɗaya tun safe har yamma; ban yi mamaki ba da na karanta cewa waƙoƙinsa na rerawa ne, yakan nemo tsohuwar murya ya ɗinka mata sababbin kalmomi. Littafinsa ya fito a 1807, kwafi 900, ya ƙare cikin 'yan makonni. Da ya gyara ya ƙara, ya aika a sake bugawa, aka mayar masa. Ya ƙone abin da ya iya ƙonewa na rubutunsa, ya fita cikin dare. Shekararsa 35.

Mutum-mutuminsa yana kusa da tsohuwar majami'ar garin, an kafa shi a 1883. Ba wani attajiri ya biya ba. Mutanen gari ne suka yi ta hawa tuddan Gleniffer shekara bayan shekara suna rera waƙoƙinsa a fili, kuɗin da aka tara ya yi aikin. A gefensa ga wani masaƙin, Alexander Wilson, wanda waƙar zambo da ya yi wa wani mai masaƙa ta kai shi kurkuku, ya tsallaka Amurka a 1794, ya koma bin tsuntsaye yana zana su har ya zama uban wannan ilimi a can. Na ba shi rabin shafi, a matsayin gyara.

Da la'asar na hau Gleniffer ɗin. Ina sama ruwa ya tsuge, irin na ƙasar nan da ke zuwa a kwance. Laima ta juye, littafina ya jiƙe sharkaf, tawadar shafi shida ta zama shuni. Laifina ne, da biro mai ruwa na fito. Amma ina fake a gindin wata bishiya na hango garin gaba ɗaya a ƙasa, da rafi na gangarawa, sai na ga wautar hoton da na ɗauko da safe. Mutum-mutumin nan Tannahill bai taɓa ganinsa ba, shekara 73 bayan mutuwarsa aka kafa. Wannan gangaren kuwa shi yake hawowa in ya tashi daga saƙa. Daga yau kowane shafi hoto biyu: abin da aka kafa wa mutum, da abin da idonsa ya gani.

1 ga Yuni

Uwargida ta duba sunayen da ke jikin firij ta ce, "Malam, su Turawan nan matansu ba sa waƙa ne?" Goma sha biyu, duk maza. Na goge uku.

Tare muka je Coatbridge, garin da a da tanderun narka ƙarfe suka hana shi ganin duhu da dare. A unguwar Langloan Janet Hamilton ta yi kusan duk rayuwarta. An haife ta a 1795, aka aurar da ita ga wani baduku tana shekara 13, ta haifi 'ya'ya goma, tana ɗinkin kwalliya a kan farin yadi don taimakon gida. Karatu ta iya tun tana ƙarama, mahaifiyarta ta koya mata, amma rubutu sai da ta haura hamsin, shi ma da wasu haruffa da ta ƙago wa kanta. Littafinta na farko ya fito a 1863, tana dab da saba'in, ido ya riga ya tafi. Ɗanta ke rubuta abin da ta faɗa. Ta waƙe ƙarar guduma da baƙin hayaƙi, ta kuma yaƙi giya ba sassauci, don ta ga abin da take yi wa albashin ma'aikata ranar biya.

Ta rasu a 1873. A 1880 mutanen gari suka gina mata wurin shan ruwa na dutse, yana nan a lambun West End. Uwargida ta zagaya shi sau biyu ta ce, "Matar da ta ƙare rayuwa tana faɗa da giya aka saka mata da ruwan sha. Sun iya zaɓe."

Hoto na biyu ya gagara. Tanderun duk an rushe, hayaƙin da ta gani babu shi. Na ɗauki sararin sama, shuɗi tas, na rubuta a ƙasa cewa wannan ne abin da ba ta samu gani ba.

22 ga Yuni

Tafiya mafi nisa zuwa yanzu, sama da awa biyu a jirgin da ke zuwa Oban. Na sauka a Dalmally na kama hanyar tudu a ƙafa. A ƙoli ga hasumiyar dutse mai ginshiƙai, an gina ta a 1859, tana kallon tafkin Awe. Ta Duncan Ban MacIntyre ce. "Ban" a Gelik, harshen mutanen tuddai da tsibirai, fari ke nan, wato Duncan Fari.

An haife shi a 1724 a kwarin Orchy, ya yi aikin gadin namun daji ga masu ƙasa. Babbar waƙarsa yabon dutse ce, Beinn Dorain, mai tsayin mita 1,076: layi sama da ɗari biyar a kan barewa, yadda take kiwo, irin ciyawar da take so, maɓuɓɓugar da take sha, yadda take ɗaga hanci ta shinshino maharbi. Kuma ya gina ta ne a kan tsarin busar algaitarsu mai salka, a fara a hankali, a zabura, a dawo. Mutumin nan bai iya karatu ba, bai iya rubutu ba. A ka ya riƙe dubban baitoci, wani malamin coci ya zauna ya rubuta daga bakinsa, aka buga a 1768.

A nan "marubucin waƙa" ya mutu. Ina zaune a kan matakalar hasumiya na ciro fensir na bi shafukan baya ina sokewa. Mu da muka san waƙar baka da rubutacciya tun muna yara, ban san me ya sa na zaci Turawa duk da alƙalami suka fara ba. Mawaƙi kawai. Wanda ya hango kalangu ya hango, Duncan Fari ba zai ji haushi ba.

Ga wani abin da ya sa na yi dariya ni kaɗai a kan tudu. A 1767 ya bar duwatsu ya koma Edinbura, ya shiga aikin dogaran gari, ya daɗe a ciki. Dogaran nan dai da Fergusson ke zagi a waƙa, yana kwaikwayon gurɓataccen Ingilishinsu, a daidai waɗannan shekarun. Manyan mawaƙa biyu a titi ɗaya, ɗaya da gatari a kafaɗa, ɗaya yana fitowa daga mashaya, kowa da harshensa.

Da ya tsufa ya koma ya ga dutsensa a 1802, ya tarar tumaki sun maye gurbin mutane da barewa. Daga inda na tsaya ma abin da ake gani ke nan, tuddai kore shar, ba hayaƙin girki ko ɗaya. Ƙananan ƙwarin nan masu cizo na lokacin zafi suka kore ni kafin in gama kallo; na dawo gida da wuya duk ƙuraje. Ƙarfe goma na dare na shiga Gilasgo, gari bai gama duhu ba.

13 ga Yuli

Annan, can kudu kusa da iyakar Ingila, garin jan dutse a bakin kogi. A hanya jirgi ya tsaya a Kirkconnel, garin Alexander Anderson, leburan gyaran dogo da ya koya wa kansa harsuna ya ƙare a matsayin mai kula da ɗakin karatun Jami'ar Edinbura. Wannan layin da nake kai shi ya yi wa aiki. Na sa shi a jerin masu jira.

Thomas Blacklock na zo nema. An haife shi a nan a 1721, ɗan magini, agana ta makantar da shi yana jariri. Da kunne ya yi karatu, mahaifinsa da abokai suna karanta masa, har ya kai jami'a. A 1762 aka naɗa shi limamin coci a Kirkcudbright, jama'ar suka ce ba sa son makaho, ya haƙura ya koma Edinbura yana koyar da ɗalibai a gidansa. Na tuna yadda mahaifiyarmu ke rera baitocin Malam Aliyu Namangi tana tankaɗe, ba ta taɓa kawo zancen idonsa ba.

Gaskiya waƙoƙin Blacklock ba su kama ni ba, sun cika ladabi, kamar mai gudun ɓata wa wani. Wasiƙa ɗaya ce ta riƙe sunansa. A 1786 Burns ya gama shirin tafiya Jamaika, zai yi akawu a gonar rake da bayi ke nomawa. Aka karanta wa Blacklock littafin Burns na farko, ya rubuta wa wani aboki yana yabawa, ya ce a sake bugawa. Wasiƙar ta kai hannun Burns, ya fasa jirgi ya nufi Edinbura. Shi kuma hoto na biyu fa? Mutumin bai ga komai ba. Na tsaya a kan gada na naɗi ƙarar kogin a waya.

Daga kan gadar na kira gida. Na ce, "Yaya, ka san ina nake? Garin su Clapperton." A Annan aka haifi Hugh Clapperton a 1788, Baturen da ya shiga Kano da Sakkwato a 1824 da sunan Abdullahi, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya sake dawowa ya rasu a can a 1827. Yaya ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe ramuwar ziyara ka je. To ka gaishe su."

24 ga Agusta

Perth, ni da 'yata, don biyan bashin shayi.

William Soutar, 1898 zuwa 1943. Ya yi aikin sojan ruwa a yaƙin duniya na farko, ya fito da ciwon da ke sandarar da ƙashin baya, ya lallaɓa ya gama jami'a a 1923. A 1930 aka yi masa aiki bai yi ba, ya kwanta, bai ƙara tashi ba. Shekara goma sha uku a ɗaki ɗaya, a gidansu da ke titin Wilson. Mahaifinsa kafinta ne, ya faɗaɗa masa taga don ya riƙa ganin lambu, ya kewaye bango da kantocin littattafai. Kullum a shirya shi tsaf, har da kwat da ɗan maɗaurin wuya, baƙi su yi ta shigowa. Waƙoƙin yara da ya yi cikin Sikotanci, waɗanda aka buga a 1933, wata ƙaramar yarinya da iyayensa suka ɗauki riƙonta ce ta jawo su. Yana ganin in harshen zai rayu, ta bakin yara zai rayu. Tarin fuka ya ƙarasa shi yana shekara 45.

Littattafai suna yabon haƙurinsa, kuma ya cancanta. Ni dai na san abin da shekara goma sha uku a gado ke yi wa fatar mutum, na san sau nawa ake juya majinyaci kafin gari ya waye, na san yadda bayan mai juyawar ke ƙarewa. Mahaifiyarsa ce ta ɗauki wannan. Na ba ta sakin layi guda a shafinsa, ko da shafin zai yi tsawo.

Gidan na nan, gida kamar kowane a layin. Muka tsaya a bakin titi. Na ce wa 'yata ga amsar tambayarta. Ta kalli gidan ta ce, "Baba, in yi masa haddar?" Ta gyara tsayuwa kamar a gaban aji ta fara, da wannan lafazin nasu na Gilasgo da ni har yanzu ba na kamawa duka. A baiti na uku ta kakare. Wani dattijo da ke wucewa da karensa ya tsaya, ya jefo mata layin da ya ɓace, suka ƙarasa tare. Ya ce shi ma a firamare ya haddace ta. Kafin in tuna da waya a aljihuna ya ja karensa ya yi gaba.

A bakin kogin Tay, a jikin katanga, akwai ƙananan dabbobin tagulla da aka ƙera daga waƙoƙinsa. Ta shafa kan kowanne.

19 ga Oktoba

Na koma Edinbura, watan nan Fergusson ke cika shekara 250 da rasuwa. Na tarar an ajiye masa furanni. Daga can na taka zuwa maƙabartar Greyfriars inda aka binne Duncan Fari a 1812, tafiyar da ba ta kai minti ashirin ba. Na yanke shawarar shafukansu su fuskanci juna a littafin.

Lissafi: shida sun kammala, da rabin Wilson. Goma sha biyu ba za ta yiwu ba, na sauko goma. Saura Anderson, da Michael Bruce na ƙauyen Kinnesswood da ya rasu yana shekara 21, da John Leyden na Denholm wanda zazzaɓi ya kashe a Jawa a 1811, sai wadda na fi ɗoki, Mary MacPherson ta tsibirin Skye, da suke kira Babbar Mairi ta Waƙoƙi. Ita sai da ta kai hamsin ta fara. A 1872 aka zarge ta da sata a gidan da take aiki a Inverness, aka ɗaure ta kwana arba'in, ta ce wulaƙancin nan ne ya tayar da waƙarta. Ta fito ta zo Gilasgo ta koyi jinya da unguwarzoma, abokiyar sana'a ke nan, sannan ta zama muryar manoman da ake kora daga gonakinsu.

Skye sai bazara, yanzu rana ta fara gajarta. Amma kabarinta yana Inverness, na yi musayar aiki da wani don in samu 9 ga Nuwamba. Wata abokiyar aikina 'yar tsibirai ta yarda ta karanta mini sunayen Gelik a waya in ji yadda ake furta su, don abin da suke rubutawa daban, abin da ke fita daga baki daban. Na sayi fensir uku da jakar leda ta littafi.